Ɗan Ci-rani, Baƙon Haure da Raɓar Baƙo: Amsoshin Tambayoyinku

Wani ɗalibin kimiyyar siyasa daga Sakkwato ya tambaya: Malam, a labarai ana kiran waɗanda ke nitsewa a Bahar Rum 'yan ci-rani, shin hakan daidai ne?

Ba daidai ba ne, ɗana, kuma yawan maimaita shi da masu fassarar labarai suke yi bai mai da shi daidai ba. Ɗan ci-rani manomi ne wanda ya bar gida bayan kaka, ya tafi birni yana ga-ruwa ko dako ko yankan farce ko gadi, sa'an nan ya koma kafin ruwan shuka. Sharuɗɗansa biyu ne, wato rani da komawa. Wanda ya sayar da gonarsa ya ratsa hamada da niyyar zama a Italiya bai cika ko ɗaya ba.

Abin da ya sa nake damuwa shi ne hikimar da kalmar take ɗauke da ita. A 1966 masanin zamantakewa Everett Lee ya bayyana ƙaura da abin da ke korar mutum daga garinsa da abin da ke jan sa zuwa wani, a 1970 kuma masana tattalin arziki Harris da Todaro suka ce ɗan ƙauye yana auna albashin birni ne da yiwuwar samun aikin kafin ya tashi. Duk sun ɗauke shi a matsayin mutum guda mai lissafin aljihunsa. Sai a 1985 wasu masana tattalin arziki, Stark da Bloom, suka kawo ra'ayin cewa gida ne yake yanke shawarar tura ɗansa, domin kada baƙin cikin shekara ɗaya ya haɗa da kowa. To, wannan shi ne ci-rani tun asali: maigida ya dubi rumbu, ya ga hatsin ba zai kai damina ba, ya sallami samari biyu su ci abincinsu a waje, abin da ba su ci ba ya zama ribar gida ko da sun dawo hannu rabbana. Mansell Prothero, wanda ya yi nazarin masu fita daga lardin Sakkwato a shekarun 1950, da wannan sunan namu ya kira su a rubutunsa. A ganina ra'ayin 1985 ya fi sauran dacewa da ƙasarmu, sai dai ya yi sakaci da harajin Turawa, wanda ya tilasta wa talaka neman tsabar kuɗi a gonakin koko na Kurmi, kuma wannan gefen masanin tattalin arziki Samir Amin ne ya fi kula da shi.

Wata malama daga Maraɗi ta ce: Mene ne asalin "baƙin haure"?

Haure shi ne wurin da katanga ta zube har mutane suka mai da shi hanya, saboda haka baƙon haure shi ne wanda bai biyo ta ƙofa ba. Kalma ce ta zargi, ya kamata a riƙa taka-tsantsan da ita, domin hukuma ce take yanke inda ƙofa take. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin mai takardun tafiya damar zaman kwana 90 ba tare da biza ba, amma a 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi wajen miliyan biyu bayan farashin mai ya faɗi, kamar yadda gwamnatin Busiya ta yi a Gana a 1969. A Nijar, dokar 2015 ta hana safarar baƙi ta mai da direbobin Agadas masu laifi a kan sana'ar da suka daɗe suna yi a fili, aka kuma soke ta a Nuwamban 2023. Masana harkokin tsaro Barry Buzan da Ole Wæver sun nuna cewa lamari yakan koma na tsaro ne idan masu iko suka ambace shi da sunan barazana jama'a kuma suka yarda, daga nan sai a halatta matakan da a da ba za a lamunta ba. Ɗan jaridar da ke watsa wannan kalma barkatai yana taya su aikin ne bai sani ba.

Wani daga Kumasi yana son bayanin "baƙo raɓa, ɗan gari kaba".

Raɓa takan bushe da hantsi, kaba kuwa tana nan ko an sare ta. Ana faɗa ne don a ba ɗan gari haƙuri da baƙo. Amma ku mutanen zango, da kakanninku suka zo fataucin goro tun kafin zuwan Turawa, kun isa shaida cewa karin maganar ba ta cika kama gaskiya ba.

Wani kuma ya tambayi bambancin ɗan ci-rani da ɗan gudun hijira.

Na farko nema ya fita, na biyu kora aka yi masa, kuma shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 ta hana a mayar da shi inda ya gudo.

A ƙarshe, mai tambaya ko "ci-rani" ake rubutawa ko "cin rani": dukansu suna nan. Ana tafiya cin rani, wanda ya tafi kuma ɗan ci-rani ne, da karan ɗori a tsakani.