Amsar murya: ƙulla labarin ɓacewar kaya tsakanin ƴar alhaji da almajiri

Salamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwata da ta tambayi yadda za ta gina littafin yara na bincike, wanda ƴar wani alhaji da almajiri za su yi abota su gano abin da ya ɓata, wannan muryar taki ce. Ki yi haƙuri za ta ɗan yi tsawo.

Kafin ki rubuta layi ɗaya, ki san wa ya ɗauki abin, don me, ƙarfe nawa, kuma ina ya kai shi. Ki rubuta wannan a bayan kaye, wato littafin rubutu, ki ajiye. Labarin bincike daga ƙarshe ake gina shi a taho farko. Wanda ya fara bai san ɓarawonsa ba, a babi na takwas zai maƙale, sai ya jawo aljani ko mafarki ya warware masa, kuma yara suna gane ha'inci nan take.

Yauwa. Ga abin da na fi so ki riƙe. Ki ƙulla matsalar yadda ɗayansu ba zai iya kwance ta shi kaɗai ba. Yarinyar tana lakwal, wato makarantar boko, tana karanta faransanci, tana shiga ɗakin kakarta, tana jin hirar manya a tsakar gida. Yaron yana karanta ajami, ya san lungunan unguwannin Birni da Zango na Damagaram da ƙafa, ya san wa ke fita bayan asuba, kuma manya suna magana a gabansa kamar ba mutum a wurin. Wannan na ƙarshen shi ne babban makaminsa, ki yi amfani da shi sosai. To rabin sani na hannunta, rabi na hannunsa. Dole ta neme shi, dole ya neme ta, abota ta shigo da kanta ba sai kin yi wa'azi ba.

Misali. A ce takobin kakan kakanta ne ya ɓace daga zaure, na zamanin Sarkin Damagaram Tanimun wanda ya rasu a 1884, da kubensa na fata. Zargi ya faɗa kan almajirin da ke yi wa gidan aike. Kin ga yanzu yana da dalilin bincike mai ƙarfi, sunansa yake wankewa, kuma kwanon abincinsa na gidan ne. Ita kuma ta san ba shi ba ne, don a lokacin ta hango shi a layin famfo da bido, amma ba wanda ya saurare ta.

Alamu uku sun isa. Ta farko, warin bagaruwa a zauren, wanda yaron ya gane don yana wucewa ta majema, ita ba ta taɓa zuwa ba. Ta biyu, guntuwar takarda da ajami, an rubuta jaka goma sha biyar da ranar Alhamis, ranar da kasuwar Dole ke cika. Ta uku, rasit da faransanci a aljihun rigar wani, ita ce za ta karanta. Kowace alama sai mai karatu ya gan ta da idonsa kafin a kai ga bayani. Dabarar ɓoye ta ita ce ki saka ta cikin jerin abubuwa, a ce a zauren akwai buta, tabarma, wani wari-wari, da takalmin baƙo, sannan nan take wani ya yi sallama hankali ya tafi can. Idan kika tsaya kan warin da layi biyar, kin tona.

Waɗanda ake zargi su zama uku, huɗu sun yi wa ɗan shekara goma yawa. Kowanne da ƙaramin sirrinsa da bai shafi takobi ba. Mai gadin maƙwabta yana ɓoye cewa barci yake yi a bakin aiki. Ɗan garuwa yana ɓoye cewa ya fasa randa. Shi ya sa suke ƴan kame-kame, mai karatu ya bi su. Amma don Allah, kada ƙarshe ya zama ƴar aiki ko ɗan Kara-Kara, unguwar talakawa, ne ɓarawon. Kin ɗauko labari don ki rushe zargin talaka, sai ki koma ki gina shi? Kuma kada ki juya ki ce duk mai kuɗi mugu ne. Idan na ƴan shekara 7 zuwa 9 ne, ki bar shi rashin fahimta, kaka ce ta aika wa baduku ya gyara kuben kafin Sallah ba ta gaya wa kowa ba. Idan na 10 zuwa 12 ne, za su ɗauki laifi na gaske, yayan gidan ya kai shi jingina saboda bashi, ya yi shiru yana kallo ana tuhumar yaro.

Tsawo kuwa, babi 10 zuwa 12, kowanne kalma 600 zuwa 800, abin da malamin lakwal zai karanta wa aji a zama ɗaya. Takobin ya ɓace a babi na ɗaya, kada ki ɓata shafi biyar kina kwatanta gidan alhaji. Su haɗu a na biyu. Wajen na shida ko bakwai su ɓata, kuma ɓacin ya fito daga bambancin nasu. Ta miƙa masa dala ashirin a gaban abokansa kamar sadaka, alhali shi aboki ya ɗauke ta. Ita ba ta ma san ta yi laifi ba. Irin wannan ya fi shafi goma na bayani a kan talauci. Shi ma ki ba shi aibinsa, saurin fushi, ko ƙarya in ya ji tsoro. Yaron da ba ya kuskure, yara ba sa son shi.

Wani abu da marubuta ke mantawa, a ina za su riƙa haɗuwa? A Damagaram ƴar babban gida ba ta yawo da almajiri a titi. Zaure, ƙofar gida lokacin karɓar kwano, hanyar aike bayan la'asar, nan ne wurarenku. Shekarunsu kada su wuce 10 ko 11, in sun wuce iyaye za su karanta wani abu daban, gara ki mai da su mata biyu, ƴar gida da ƴar talla. Kada ki fitar da su da dare su hau duwatsu, yaro na kwaikwayon abin da ya karanta. Babba ɗaya ya kasance kusa, amma aikinsa ya saurara a ƙarshe, yaran ne za su kwance ƙullin.

Ƙarshen ma, ki guji alhaji ya ɗauke yaron ya saya masa komai. An wanke shi a gaban waɗanda suka zarge shi, an ba shi haƙuri da sunansa, ya koma makarantarsa, ita tana koya masa boko yana koya mata ajami. Ya isa.

In kin gama, ki tara yara biyar ko shida ƴan CM1 da CM2, wato aji biyar da shida na firamare, ki karanta musu da baki. Ki tsaya a babi na takwas ki tambayi kowa a ɓoye wa ya ɗauka. Duk sun sani, ki binne alama ta biyu. Ba wanda ya kusa, ki ƙara fito da ta farko. Ɗaya ko biyu suka canka, to ya yi. Ki lura da inda suka fara wasa da takalmi, wannan shafin ki rage shi. Ki turo babi biyu na farko nan gurup mu duba.