Ga ƙanena mai son fili a bakin tekun Aceh

Ƙanena, na saurari saƙonka na murya har ƙarshe. Ka ce ka ga hotunan bakin teku da nake sawa, ka ji Aceh lardi ne na Indonesiya da ake shari'ar Musulunci, kana so ka zo karatu, sannan kuɗin gonar gadonku za ka sa ka sayi fili a nan ka gina ɗakunan saukar baƙi. Maganar karatu zan tsaya maka. Maganar fili kuwa ka cire ta daga ranka tun kana gida.

Dokar ƙasa ta Indonesiya ta 1960 ta hana baƙo mallakar fili mallaka ta har abada, wadda suke kira hak milik. Ɗan ƙasa kaɗai ke da ita. Abin da aka bar wa baƙo mai takardar zama shi ne izinin amfani na wasu shekaru, kuma an sa mafi ƙarancin farashin gidan da zai iya saya, farashin da kuɗin gonarku ba su kama ƙafarsa ba. Za ka haɗu da dillali a shagon kofi, ya ce maka wannan ba matsala ba ce, a rubuta da sunan wani amintacce ku yi yarjejeniya a gefe. Wannan cinikin kifi ne a ruwa. Dokar nan dai ta ce irin wannan sayen ɓatacce ne, filin ya koma hannun gwamnati, kuɗin da ka biya kuma ba ka da bakin neman su. Na san wani baƙo, ba ɗan ƙasarmu ba, da ya gina ɗakuna a kan filin abokinsa. Abokin ya rasu, magada suka zo, ya fita da akwatinsa kawai.

Kada kuma ka ce za ka bi ta hanyar aure. Sadaki a nan da zinare ake yankawa, da ma'aunin da suke kira mayam, kowane ɗaya ya ɗan haura giram 3, kuma ba mayam ɗaya ko biyu ake nema ba. A al'adar ƙauyukan nan iyaye 'yarsu suke ba gida, miji ne ke tarewa wurin matarsa. Ka san halinka, ka san ko za ka iya.

Akwai abin da hoto ba ya nunawa. Ƙauyen da nake haya yana yankin Lhoknga, tafiyar kusan rabin awa a babur daga Banda Aceh, babban birnin lardin. In ka bi ta cikin ciyayin nan da ka ga kamar filin banza ne, ƙafarka za ta taka daɓen tayil, ga matakalar ƙofa, ga bakin rijiya, babu bango ko ɗaya. Gidan mutane ne. Ranar 26 ga Disamba 2004 igiyar ruwa ta tsunami ta shafe wannan gaɓar, mutanen Aceh kusan 170,000 suka tafi. A Lampuuk, maƙwabtanmu, masallacin Rahmatullah ne ya rage a tsaye, gidajen da ke kewaye da shi yanzu Turkawa ne suka gina. Takardun filaye da yawa ruwa ya ci, wasu gidajen babu wanda ya tsira, sai dangi na nesa da kowannensu ke ganin shi ne magaji. Mai gidan da nake haya matarsa da 'ya'yansa na farko suna cikin kabarin bai-ɗaya, bai san ma wanne ba. Mutumin da ke cikin wannan hali ka je ka ce masa nawa zai sayar da wancan kangon, ka ci masa fuska ba ka sani ba. Har yau in ƙasa ta motsa da ƙarfi ba mai tsayawa tambaya, kowa babur yake hawa ya nufi tudu.

Sai fasfo ɗinmu. Najeriya tana cikin 'yan ƙasashen da Indonesiya ta ware, waɗanda ba a ba su biza sai an tantance a Jakarta, kuma sai da wanda zai tsaya maka a cikin ƙasar. Jami'a ce za ta tsaya maka, ni ba ni da wannan ikon, don haka kada Baffa ya ɗauka rowa nake yi. Abin da ya fi ci mini rai a ƙasar nan shi ne filin jirgi: ana wucewa da kowa, kai a ce ka koma gefe, a zazzage jakarka har garin kuka a shinshina. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, an zartar wa 'yan Najeriya hukuncin kisa kan ƙwaya a 2015 da 2016, mu da ba mu ji ba ba mu gani ba muke biyan bashin. Ko ƙullin goro wani ya ba ka saƙo, in ba ka buɗe ka gani ba kada ka karɓa. Bizarka in ta ƙare, tarar rupiya miliyan 1 ce kowace rana, in ka wuce kwana 60 kora ce. Takardar ɗalibi kuma ba ta yarda ka yi aikin kuɗi ba, balle ka buɗe masauki.

Zaman ƙauyen kansa yana da daɗi ga wanda ya iya zama da mutane. Ranar da ka sauka ka kai kanka wurin keuchik, wato mai gari, da kwafin takardunka. Kuɗin haya na shekara guda ake biya gaba ɗaya. Iskar teku tana cin ƙarfe, babur da kwanon rufi da bayan firji duk tsatsa, kuma in iskar yamma ta taso daga wajen watan Mayu teku ba ya shiguwa, baƙin da kake lissafi a kansu ma sai su yi ƙaranci. Ranar Juma'a masunta ba sa fita, dokar Panglima Laot ce, sarkin ruwansu, haka ma ranar tunawa da igiyar ruwa. Shinkafa ce safe, rana da dare, da kifi da barkono.

Mutanen nan Shafi'awa ne. Farkon zuwana na yi sallah hannu a sake, na ja sura da Warshu kamar yadda aka koya mana a makarantar allo, sai na ji ana gyara mini daga sahu, bayan sallama samari suna kallona kamar na zo da sabon addini. Wani tsohon malamin dayah, makarantarsu ta zaure, shi ya yi musu bayani. Ban yi fushi na ƙaurace ba. Na zauna na koyi yaren Indonesiya, na koyi na Aceh gwargwado, domin a ƙauye da shi ake hira. Yau yaran da ke bina suna nuna fatata su nake biya wa karatu a meunasah, ɗan masallacin ƙauye, bayan magariba, kuma ranar meugang, da ake yanka shanu kafin azumi, kwanukan nama har rasa inda zan sa su nake yi. Ba kuɗi ne suka saya mini wannan ba, kuma duk da haka ko taku ɗaya na ƙasar nan ba nawa ba ne.

Shari'ar da kake ɗoki tana kan baƙo kamar yadda take kan ɗan gari. Keɓewa da macen da ba muharramarka ba laifi ne mai bulala a dokar 2014, kuma kafin 'yan hisba su iso samarin gari sun riga sun kama ka.

Tafiya ba ta da wuya in kana da babur, sai dai ta hagu ake tuƙi, kuma shanu kan titi suke kwana, musamman hanyar Calang da dare. Daga birnin Medan zuwa Banda Aceh motar dare kusan awa 12 ce. Garin Sabang da ke tsibirin Weh kuwa daga tashar Ulee Lheue ake hawa jirgin ruwa, mai saurin bai kai awa guda ba. Bankunan da ba na Musulunci ba sun bar lardin tun 2021, saboda haka kada ka dogara da katinka na gida, ka riƙo tsabar kuɗi daga Jakarta ko Medan.

In karatun ne da gaske, ga Jami'ar Syiah Kuala ga UIN Ar-Raniry, jami'ar Musulunci ta gwamnati, duk a Banda Aceh. Ka duba tallafin karatu na KNB na gwamnatin Indonesiya, ka ga jami'o'in da aka sa a jerin bana. Turo mini sakamakonka da shafin farko na fasfo in duba. Gonar kuma kada ka sa hannu a takardar sayar da ita, ka ba da ita haya ko noma, zan kira Baffa da kaina in gaya masa haka. Ka gaida Inna.