Matakalar A-kori-kura: Kilo Nawa Take Ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da a-kori-kura ƙirar Ford F-150, mai 'yar matakalar nan da ake jawowa daga cikin ƙofar baya. Nauyina kilo 95 ne, kuma sau da yawa nakan hau da buhun siminti a kafaɗa. Kwanan nan matakalar ta fara ƙara, har tana ɗan lotsawa idan na taka. Yaron motata ya ce ai ƙarfe ne, ba abin da zai same ta. In ci gaba da hawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka gaishe min da yaron naka, ka ce masa ƙarfe ma yana gajiya.

Mu yi lissafi tukuna. Ford sun rubuta a littafin motar cewa wannan matakala iyakarta fam 350, wato kilo 159, kuma mutum ɗaya ne zai taka a lokaci guda. Wannan adadi ba na jikinka kaɗai ba ne, har da duk abin da ka ɗauko. Kai 95, buhu 50, ga 145 ke nan. Saura 14 kacal. Ko matakalar a-kori-kura ƙirar GMC Sierra, wadda ta zo da ƙofar baya mai suna MultiPro a 2019, kilo 170 ne ƙarshenta, don haka ba wai taka ce raguwa ba.

To amma ga inda mutane ke rasa gane zancen. Adadin nan na wanda ya taka a hankali ne. Idan ka diro daga cikin bodi ka sauka a kanta da ƙafa ɗaya, ƙarfin da ke dukan ta a wannan ƙiftawar ido zai iya ninka nauyinka, ko ma ya wuce. Ba ranar za ta karye ba. Maƙalanta ne za su riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan, notuna su saki, sai ka fara jin ƙarar nan da kake ji. Ni a ganina ƙarar nan gargaɗi ce, kada ka ƙara hawa da kaya sai an duba.

Ni ma na taɓa raina irin wannan. Matakalar gefe ta tsohuwar motata daga sama fes take, tana ƙyalli. Wata rana da safe na ɗora ƙafa sai ta zube da ni, ƙaurina ya daki bakin ƙofa, na yi mako ina ɗingishi. Da na kwanta a ƙasa da tocila, na sa sukuddireba a ƙarfen da ke riƙe da ita, sai ya shige kamar a busasshen ganye. Laka ce ta taru a wurin tana riƙe da danshi, tsatsa ta cinye shi daga ciki.

Saboda haka ka buɗe matakalarka, ka girgiza ta da hannu. Duba notuna, duba inda aka yi walda ko akwai tsaga, ka wanke yashin da ya maƙale a hanyar da take zamewa. Idan wani sashe ya lanƙwashe, a canza shi. Kada a buga da guduma a ce ya miƙe.

Batun buhu kuwa, sauƙi ne: ajiye shi a kan ƙofar baya, ka hau hannu wofi, sannan ka ja shi ciki. Ka ɗaga sandar riƙon nan da ke jikin ƙofar, don ba ado aka sa ta ba, kuma in za ka sauko ka fuskanci motar kamar mai sauka daga tsani. Takalmi mai laka ko maiƙo ya fi nauyin kaya saurin kayar da mutum.

Kada a tada mota matakala tana buɗe, kada a kafa jak a ƙarƙashin matakalar gefe, kuma in yaron nan naka yana maƙalewa a kanta mota na tafiya, ka hana shi tun yau.