Shin da gaske ne renon yara a Kanada dala 10 ne a rana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana mun dawo Toronto da zama, dukanmu muna aiki, ga mu da yarinya 'yar shekara biyu. An ce mana gwamnati ta mayar da kuɗin gidan reno dala 10 a rana, amma inda muka je sun faɗi fiye da haka. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba ƙarya aka yi muku ba, rabin zancen aka ba ku.

A kasafin kuɗin 2021 gwamnatin Justin Trudeau ta ware kusan dala biliyan 30 na Kanada na tsawon shekara biyar don rage kuɗin renon yaran da ba su kai shekara shida ba. Dabarar daga lardin Kwebek aka aro ta, don can tun 1997 suka fara da dala 5 a rana. To amma harkar reno a hannun larduna take, sai kowanne ya sa hannu da gwamnatin tarayya, kuma Ontariyo, inda kike, ita ce ta ƙarshe, a watan Maris na 2022.

Ita dala 10 ɗin nan matsakaici ce da ake son kaiwa, ba farashin kowa ba. Daga Janairun 2025 Ontariyo ta kayyade kada a wuce dala 22 a rana, kuma a gidajen reno masu lasisi da suka shiga shirin kaɗai. Wanda bai shiga ba, abin da ya ga dama yake caja. Don haka kafin ki duba kyan ɗaki ko kayan wasa, tambayi ko suna cikin shirin.

Inda gizo ke saƙar shi ne gurbi. Da farashi ya sauka sai iyaye suka yi cincirindo, alhali ma'aikatan reno ba su ƙaru yadda ake buƙata ba, saboda albashinsu bai taka kara ya karya ba. Ni a ganina nan gwamnati ta yi sakaci. Yanzu har mai ciki ke rubuta sunan ɗan da ba a haifa ba!

Ki sa sunan yarinyar a wurare da dama. Tun 2016 doka ta hana karɓar kuɗin shiga layin jira a Ontariyo. Idan kuma samunku bai yi yawa ba, birnin Toronto na da tallafin kuɗin reno na daban, ki nema tun yanzu, don shi ma akwai layi.