Me ya sa mabiyiya ke kafewa a jikin mahaifa?

'Yata, jiya da muka tura matar nan ta Agege babban asibiti, kika ce da ni: "Inna, wai me ke sa mabiyiya ta shige cikin naman mahaifa har ta ƙi fita?" Ga amsarki, yanzu da layi ya ragu.

Idan ciki ya shiga, bangon mahaifa na ciki yakan yi kauri, ya zama shimfiɗa mai laushi. A kan wannan shimfiɗa mabiyiya ke kafa saiwoyinta, tana buɗe jijiyoyin jinin uwa don ɗa ya samu abinci da iska. Shimfiɗar ce ke yi mata iyaka. Bayan haihuwa mahaifa ta tsuke, mabiyiya ta ɓare daga wannan wuri kamar ɓawon ayaba, yawanci kafin minti 30.

To, inda aka taɓa yanka, shimfiɗar ba ta dawowa yadda take. Tabo ne kawai, siriri, mai tauri. Idan ƙwan ya sauka a kansa, saiwoyin ba su tarar da abin da zai tsayar da su, sai su kai ga tsokar kanta. Ni a ganina laifin ƙasar ne, ba na irin ba; mabiyiya aikinta take yi, katanga ce babu. In ta manne da tsoka kawai, likitoci na cewa akireta. In ta nutsa ciki, inkireta. In ta huda ta fito har ta kama mafitsara, perkireta, Allah Ya raba mu da ita.

Babban mai jawo tabon shi ne aikin haihuwa. Wankin ciki bayan ɓari da aikin cire ƙari daga mahaifa su ma suna barinsa. Amma wadda nake tsoro ita ce mai tsohon aiki, kuma mabiyiyarta ta sauko ƙasa ta tare bakin mahaifa, don nan ne daidai inda aka yanka. Wani babban bincike na Amurka da aka wallafa a 2006 ya nuna, in mabiyiya ta tare hanya, haɗarin kafewarta kashi 3 cikin 100 ne a aiki na farko, 11 a na biyu, 40 a na uku. Matar jiya sau uku aka yi mata, wannan ne na huɗu.

Saboda haka ki riƙa duba marar kowace mai awo da idonki. Wasu ba su faɗa, musamman in uwar miji na zaune a gefe. Kin ga tabo, ki tura ta hoton ciki, ki ce a duba inda mabiyiya ta zauna. Irin wannan haihuwa ana shirya ta tun wajen mako na 34 zuwa 36, a asibiti mai ajiyar jini irin asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba, kuma sau da yawa sai an cire mahaifar. In kuwa mabiyiya ta ƙi fita a hannunki, kada ki ja cibiya da ƙarfi. Ki sa mata ruwa ta jijiya, ki kira mota.