Amsa ga mai tambayar ɗanyen hoton 3D da ke sa ciwon kai

Malam, ka ce kun ɗauki fim a Legas da kyamara biyu a kan abin haɗi mai madubi, kun jera hagu da dama, amma duk wanda ya sa tabarau minti biyar sai kansa ya fara sara. Tun daga yanzu ka ajiye maganar gyaran launi. A aikin nan sai idanun biyu, wato hoton kyamarar hagu da na ta dama, sun daidaita sannan a taɓa kwalliya.

Ka fara da ajiya. Ka kwafe katunan kyamarorin zuwa diski biyu da manhajar da ke tantance kwafi, kuma kwamfutar tana kan UPS, domin ka san halin wutar garin nan. Fayil ɗaya ya lalace a ido ɗaya, ɗan'uwansa ma ya tashi aiki. Kowane shot, wato ɗauka guda, a sa masa suna ɗaya, a bambanta da L da R kawai.

Wajen buɗe ɗanyen fayil, R3D ne na kyamarar RED ko BRAW na Blackmagic, ISO (ƙarfin jin haske) da ma'aunin fari da sauran saiti su zama iri ɗaya sak a ido biyun. Kyamarar da ta ɗauka ta jikin madubi hotonta a juye yake fitowa, sai ka mayar da shi daidai. Sannan ka tabbatar hagu hagu ne. Musanya su kuskure ne da ke faruwa kullum: abin da ke nesa ya yi tsalle ya zo gaba, mai kallo ya rasa me ke damunsa.

Daga nan sai lokaci. Ka nemi inda aka buga allon tafi, wanda ake bugawa a farkon ɗauka, ka duba firam bayan firam. Saɓanin firam ɗaya cak ana gyara shi da matsar da ido ɗaya. Amma in ba a ɗaure kyamarorin da waya mai haɗa bugunsu ba, saɓanin na iya zama na wani yanki na firam, kuma wannan ba ya gyaruwa da matsarwa. Za ka gan shi a duk abin da ke gudu, kamar motar danfo da ke wucewa, gefenta na rawa.

Inda na fi zargi a matsalarka shi ne saɓanin sama da ƙasa. Idon mutum ya saba da bambancin hagu da dama, bai saba ɗaya ya kalli sama ɗaya ƙasa ba. Ka ɗora hotunan biyu kan juna, ka zaɓi abu mai kaifi, misali bakin taga ko kan falwaya, a tsakiya da kusurwoyi huɗu. In tsakiya ya hau amma kusurwa ta kauce, to ko dai kyamara ɗaya ta karkace, ko girman zum bai zo ɗaya ba, ko an karkato kyamarorin suna kallon juna. Manhajar tace fim ta DaVinci Resolve Studio tana da wurin daidaita wannan da kanta (ta kyauta ba ta da shi), amma ka bi bayanta da idonka, musamman a shot mai duhu.

Madubin yana cin kusan rabin hasken kowace kyamara, yana kuma sauya launi kaɗan. Ka ɗauki idon da ya fi tsafta a matsayin uwa, ka ja ɗayan ya bi shi. Abin da ya fi wahala shi ne ƙyalli. Ruwan lagun ko gilashin mota zai haska a ido ɗaya ya mutu a ɗayan, sai dai a bi wurin da hannu a rage. Ƙurar hunturu a kan madubi ma haka take, tabo a ido ɗaya.

Sai zurfi, kuma a nan ƙaramin allo yake yaudarar mutane. Tazarar idanun mutum kusan milimita 65 ce, kuma abin da ke can nesa bai kamata ya rabu fiye da haka a allon silima ba, in ba haka ba idanu su baje waje. Allo mai faɗin mita 10 da hoto mai fiksel 2048, wannan fiksel 13 ne kacal. Rabuwar fiksel 30 da ka gani lafiya lau a ɗakin tacewa, a silima ta kusa santimita 15. Ka matsar da idanun a kwance har nesan ya shigo iyaka, ka ɗan ƙara girman hoton don rufe gefen da ya buɗe. In kafaɗar ɗan wasa ta fito gaban allo kuma gefen hoto ya yanke ta, ka rufe siririn gefen ido ɗaya da baƙi. Rubutun fassara kuma ya zauna gaban duk abin da ya fi kusa.

Launi a ƙarshe, kuma ka yi shi da tabarau a fuska. Fim na yau da kullum ana haska shi a kan futlambat 14 (ma'aunin hasken allo ne), na 3D kuwa sau da yawa bai wuce 4 zuwa 6 ba bayan tabarau, saboda haka duhun da ka so zai zama baƙi ƙirin. Fari tas kusa da baƙi yana jawo inuwar ido ɗaya ta leƙo cikin ɗayan, ka sassauta shi.

DCP ɗin, wato fayil ɗin da silima ke haskawa, 2K ne, firam 24 ga kowane ido, kuma megabit 250 a daƙiƙa su biyun za su raba. Ka fitar da minti biyu na shot mafi zurfi, ka roƙi wata silima a Ikeja ko Lekki su haska maka da safe kafin masu kallo su zo, ka zauna a layin gaba ka gani, sannan ka koma na baya.