Tambayoyinku: Tallafin Yaro Mai Galahanga a Birtaniya da Matsayin Takardar Likita

Wasiƙun wannan fitowa daga 'yan'uwanmu mazauna Ingila suka zo, kuma duk a kan abu ɗaya suke: tallafin DLA, kuɗin da gwamnati ke bai wa yara masu naƙasa, ciki har da masu galahanga, larurar da likitoci ke kira otizim.

Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 6. Likitan yara ya tabbatar yana da galahanga, na haɗa takardarsa na nemi tallafin DLA, amma aka hana mu. Ta yaya likita zai tabbatar, gwamnati ta ce a'a? Wata uwa daga Manchester.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Ma'aikatar Ayyuka da Fansho, wato DWP, ita ke biyan DLA ga yara 'yan ƙasa da shekara 16 a Ingila da Wales, kuma ba ta duba albashin iyaye ko ajiyarsu. Sunan larura kaɗai ba ya sa a biya. Jami'in da ya karanta fom ɗinki tambaya ɗaya yake neman amsarta: shin wannan yaro yana buƙatar kulawa ko sa ido fiye da sa'anninsa nesa ba kusa ba? Sannan dole buƙatar ta kai wata 3 ana fama da ita, kuma ana sa ran za ta ƙara wata 6. Takardar da ta ce yaro yana da galahanga ta tsaya nan, ba ta faɗa masa ko minti nawa kike ɗauka kafin ya yarda a yi masa wanka ba.

DLA kashi biyu ne, kuɗin kulawa da kuɗin zirga-zirga. Kuɗin kulawa hawa uku ne. A shekarar da ta fara daga Afrilun 2025 ƙaramin hawa fam 29.20 ne a mako, na tsakiya fam 73.90, babba fam 110.40, kuma ana sauya su duk Afrilu. Ƙaramin na yaron da ke buƙatar taimako na wani yanki na yini ne, kamar awa ɗaya a jimlace. Na tsakiya na wanda ake taimaka wa a kai a kai tun safe har dare, ko wanda ba a iya ɗauke ido daga kansa, ko kuma mai buƙatar kulawa da dare. Babba sai an haɗa rana da dare. Dare a wurinsu yana farawa ne bayan mutanen gida sun kwanta, kuma ana lissafa shi idan kina tashi sau biyu ko fiye, ko tashi ɗaya da ya kai minti 20.

Inda mutanenmu suka fi faɗuwa a cika fom ne. An raine mu da kara, uwa ba ta tona asirin ɗanta, ko an tambaye ta ya jikin yaro sai ta ce da sauƙi, alhamdulillahi. Halin kirki ne, amma jami'in abin da aka rubuta kawai yake gani. Idan kika rubuta cewa yana cin abinci da kansa, ya gama da wannan shafin. Rubuta yadda abin yake: kala uku kawai yake ci, sai kin zauna kusa da shi minti 40 kina lallashi, idan miya ta taɓa shinkafa ya watsar da kwanon, kuma haka ake yi sau uku kullum. Daga nan ki kwatanta: yaro ɗan shekara 6 yakan gama cikin minti 15 ba tare da kowa a kansa ba. Lallashi, tunatarwa, maimaita magana, kwantar masa da hankali bayan ya birkice, duk kulawa ce da ake lissafawa. Yawancin iyaye mata sun saba da su har ba sa ganinsu a matsayin aiki.

Yanzu ki duba kwanan watan da ke kan wasiƙar hanawar. Kina da wata ɗaya ki nemi a sake duba hukuncin, ta waya, ta wasiƙa ko da fom CRMR1. Mun fi son a yi a rubuce. Ki ɗauki dalilansu ɗaya bayan ɗaya ki amsa, ki haɗa da littafin da kika rubuta abin da ya faru na mako ɗaya ko biyu, da lokaci da mintuna, har da na dare. Idan sun sake hanawa, kina da wata ɗaya kuma ki kai ƙara kotun tallafi da fom SSCS1. Kyauta ce, kuma alƙali da likita da wani masanin harkar naƙasa ne ke zama, ba ma'aikatan DWP ba. Ki zaɓi a saurare ki baki da baki. Idan watan ya riga ya wuce, kada ki haƙura, ana karɓar makararre har wata 13 idan akwai dalili.

Muna layin jiran gwaji, ba a tabbatar da komai ba tukuna. Likitanmu na GP, wato likitan unguwa, ya ce sai mun biya kafin ya rubuta mana wasiƙa. Mu biya, ko mu jira? Wani uba daga Leeds.

Malam, kada ku jira. Doka ba ta ce sai an tabbatar da larura kafin a nemi DLA ba. Ƙa'idar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin kiwon lafiya, ita ce a fara gwaji cikin wata 3 da tura yaro, amma a wurare da yawa jiran yana wuce shekara, kuma ba a biyan kuɗin baya. Ka kira layin DLA ka nemi a aiko da fom. Idan ka mayar da shi cikin mako 6, daga ranar kiran za a fara lissafi. Wanda ya sauke fom daga intanet, lissafinsa daga ranar da ya isa hannunsu ne.

Batun wasiƙa, likitan yana da ikon cajin kuɗi, domin rubuta ta ba ya cikin aikin NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati. Sai dai sau da yawa asarar kuɗi ce. Likitan da yake ganin yaro minti 10 sau biyu a shekara bai san yadda darenku yake ba, sai ya rubuta layi huɗu. Wani lokaci ma ya sa cewa yaron yana cikin ƙoshin lafiya, yana nufin lafiyar jiki, jami'i kuma ya kafa hujja da wannan. Kafin ka ciro ko fam ɗaya, nemi kwafin bayanan asibitin yaron, wannan haƙƙinku ne kuma kyauta ne. Tattara wasiƙar da aka tura shi gwaji da ita, rahoton mai koyar da magana, rahoton likitan yara, takardar maganin barci idan yana sha, da tsarin tallafin makaranta na EHCP idan yana da shi. Kwafi za ka aika, ka riƙe na asali, ka rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa a kowane shafi.

A cikin fom ɗin akwai shafin da wani wanda ya san yaron zai cika. Ka kai wa wanda ya fi ganinsa a wahalarsa, galibi malamar da ke kula da masu buƙata ta musamman a makaranta, wadda suke kira SENCO. Amma ka karanta kafin ka aika. Akwai yaran da ke danne komai a aji, su dawo gida su fashe, makaranta kuma ta rubuta cewa ba shi da matsala. Idan haka ne, ka bayyana wannan da kanka a fom ɗin, ka nemi likitan yara ya ambata.

Idan har za a rubuta wasiƙa, ka ba likitan littafin da kuka rubuta abin da ke faruwa da yaron kullum, ka roƙe shi ya faɗi abubuwa huɗu: tun yaushe ya san yaron, wane taimako yake buƙata kuma sau nawa, wane haɗari ne zai auku idan babu mai sa ido, da yadda wannan ya zarce na sa'anninsa.

'Yata tana da shekara 4, ƙafarta lafiya lau, amma da mun fita sai ta fizge ta nufi titi. Tana da rabo a kuɗin zirga-zirga? Wata uwa daga Birmingham.

Ƙaramin hawa, fam 29.20 a lissafin Afrilun 2025, shi ne na yaron da ke tafiya amma yake buƙatar jagora a wurin da bai sani ba, kuma daga shekara 5 yake farawa. Ki nema idan ta kusa cikawa. Babban hawa, fam 77.05 a wannan lissafin, daga shekara 3 ne, amma ƙofarsa ƙunci gare ta. Galibi sai yarinya tana karɓar babban hawan kulawa, tana da tawaya mai tsanani a fahimta da mu'amala, kuma halinta ya kai a riƙa riƙe ta da hannu a kai a kai don kada ta ji wa kanta ko wani ciwo, ba a kuma san lokacin da zai taso ba. A nan ne kalmar ƙwararren likita take da nauyi sosai, domin shi zai danganta halin da yadda ƙwaƙwalwarta ta ginu, kada a ɗauka rashin ji ne. Ƙungiyoyin Cerebra da Contact suna da jagorar cika fom kyauta, ƙungiyar ba da shawara ta Citizens Advice kuma sukan zauna da mutum a cika tare.

Da bizar aikin kula da marasa lafiya muka zo daga Kano. Za mu iya nema wa ɗanmu? Wani magidanci daga Landan.

Malam, a nan ka taka a hankali. DLA yana cikin abin da dokar shige da fice ke kira kuɗin jama'a, kuma yawancin bizar aiki da ta karatu suna ɗauke da sharaɗin hana taɓa shi. Matsayin yaron ake dubawa, tunda shi ne mai nema. Idan bizarsa a ƙarƙashin taka take da wannan sharaɗi, nema zai iya ɓata muku sabunta biza ko zaman dindindin. Idan yaron ɗan ƙasa ne ko yana da zaman dindindin, yana iya samu, muddin ya zauna a ƙasar wata 6 cikin 12 da suka wuce idan ya haura shekara 3. Kuɗin mai jinya kuwa, fam 83.30 a mako a lissafin Afrilun 2025 ga mai kula da yaro awa 35 a mako, da sunan uba ko uwa ake nemansa, don haka sharaɗinku ya hana ku. Ka ga mai ba da shawarar shige da fice mai rajista kafin ka sa hannu a kowane fom. Gwajin NHS da tallafin makaranta ba sa cikin wannan hani, ku ci gaba da nemansu.